Kaka a Ƙasashen Mutane

Ko a gida kaka ba ta zama wuri ɗaya: ga tsohuwar da ke ƙulle maka ƙuli-ƙuli a bakin zane, ga lokacin da rumbu ke cika samari su fara zancen aure. In ta ƙetare teku kuwa, sai ta sake riga.

Baswahile a Zanzibar in ya ce maka "kaka", ba furfura ya gani ba, yayansa ya mai da kai. A Gujarat ta Indiya baffa ne. Mutanen Siwidin, marasa tausayi, cinye ta suke yi da kofi, don a wurinsu kek ce. A Sifaniya in uwa ta ce jariri ya yi kaka, kada ka yi murna, miƙo ruwa da sabulu.

Ɗan ƙwallon Barazil da ya zama gwarzon duniya a 2007, sunansa na yanka Ricardo. Ƙaninsa ne ya kasa furtawa, "Kaka" ta bi shi. Ranar da rediyo ya ce Kaka ya zura ƙwallo, tawa kakar ta ajiye carbi ta ce, "Wane tsohon banza ne wannan, da jikoki yana guje-guje da gajeren wando?"