Karen da Ya Yi Mini Dariya a Gaban Surukina

Kowa da irin ciwonsa. Wani tattabaru, wani ƙwallo, ni kuwa tara tsofaffin na'urorin gem ne, irin waɗanda yaran Japan da Amurka suka gama yayinsu tun tuni. A saman kabad ɗina akwai Sega Mega Drive ta 1988, da Game Boy ta 1989, da PlayStation ta farko wadda ta fito a 1994. Uwargida ba ta da wani suna da take kiran wurin sai bola.

Makon jiya Allah ya haɗa ni da uwar gayya a cikin kayan gwanjo a Sabon Gari: Nintendo ta asali, mai ruwan toka, irin wadda ta shiga kasuwar Amurka a 1985. Mai kayan ya ɗauka tsohuwar bidiyo ce da aka daina yin kaset ɗinta, don ita ma ta gaba ake zura mata kaset. Ban gyara masa ba. Ga hannun gem biyu, ga bindigarta Zapper mai ruwan lemo, ga kaset ɗin nan mai wasa biyu, Super Mario Bros. da Duck Hunt. Da na isa gida na shaida wa uwargida cewa a 2021 an sayar da kaset ɗin Mario guda ɗaya dala miliyan 2. Ta juya nawa, ta ce, "Wancan ka ce ko ledarsa ba a ɓare ba. Naka kuwa ga sunan ɗan wani nan an rubuta da maka a bayansa."

Ban tsaya ta tata ba, na wuce majalisa. A nan na ba da labarin yadda nake a shekarun 1990, lokacin da muke buga Duck Hunt a na'urar kwaikwayo 'yar China, mai kaset rawaya da aka rubuta wa 9999999 in 1, alhali wasannin ciki 'yan ƙalilan ne suke ta maimaita kansu. Na ce a layinmu ba a taɓa ganin agwagwar da ta tashi a gabana ta kwana da rai ba. Na gayyaci kowa ranar Asabar bayan la'asar.

Shiri kam na yi shi. Na'urar wutar Amurka ta sani, mai ƙarfin 120, tamu kuwa 230 ce, don haka na nemo taransifomar rage wuta. Na ɗauko babbar filasma na kafa a falon baƙi. Mutane suka cika, har da tsohon nan mai gadin layinmu da muke kira Sarkin Baka, ko da yake babu wanda ya naɗa shi. Ya ce ya yi ƙuruciyarsa yana farauta a fadamar Haɗeja, kuma da ya ji zancen harbin agwagwa sai ya ɗauko 'yar kujerarsa ya zauna a gaba.

Na kunna, jar fitila ta fara ƙiftawa. Na zare kaset na hura masa iska, duk da na san damshin baki tsatsa kawai yake sa wa haƙoransa 72, kuma cirewa da mayarwar ce ke gyara zama.

"Me ka tofa?" in ji Sarkin Baka.

Na ce ba komai, Baba, ƙura ce.

"Ai shi ke nan," ya ce, ya gyara zama irin na wanda ya riga ya san yadda za ta ƙare.

Hoto ya fito. Ga sararin sama shuɗi, ga bishiya, ga ciyawa, ga kare yana tafe yana sansana ƙasa. Ya yi haushi ya faɗa cikin ciyawa, agwagwa ta tashi. Dokar wasan ba ta da wuya: harsashi uku ake ba ka, ka same ta ko ta tsere. Na miƙe, na sa hannu ɗaya a aljihu don a ga gwaninta, na saki ukun a jere. Agwagwa ta ƙara zagaye ɗaya kamar ba da ita ake ba, ta yi sama. Sai kare ya ɗago daga cikin ciyawa, ya dube ni, kafaɗunsa na rawa. Dariya yake yi.

Na ce hannu ne bai yi ɗumi ba. Ta biyu ta tashi, ta tsere. Ta uku ma haka. Kare bai gaji ba.

Nan Sarkin Baka ya karɓi ragama.

"Maigida, da farko wannan ba agwagwa ba ce, kirinjijiya ce, ka dubi tashinta. Na biyu, a kashe fankar nan. Iska tana kai mata warinka."

Aka kashe fanka. A Kano, cikin zafin nan, a falo cike da maza. Na harba, babu.

"Ba a harbin tsuntsu inda yake. Inda za shi ake harbi, shi ne zai zo ya tarar da harsashi."

Na harbi inda za ta. Ta je wurin, ta wuce lafiya.

"Rigar ce," ya ce. "Wa ya taɓa shiga fadama da farar shadda? Tun daga nesa take hango ka."

Aka yi dariya, ni ma na taya, amma gumi ya riga ya jiƙa mini baya, sai na fake da shawararsa na cire rigar na rataye a ƙofa. Hula ta bi. Saura singileti, kuma ba sabuwa ba.

"Yanzu ka rage tsawo. Maharbi ba ya tsayawa ƙiƙam. Guiwa ɗaya a ƙasa. Rufe idon hagu. Cika ƙirji da iska ka riƙe, kada ka saki sai ta faɗo."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda yake magana a natse, ba wasa a fuskarsa. Duk harbin da na kuskure sai ya yi tsaki ya girgiza kai, ya waiwaya ya gaya wa jama'a cewa da harba-ka-ruga ce a hannunsa da yanzu ana fige ta. Ya tambaya ko wani ya tsallake bindigar tun da aka kawo ta. Ya tambaya ko na ci albasa da rana. Ya ba da labarin wata dinya da ya taɓa yi wa kwanto tun asuba har hantsi, labarin da ya ƙare ba tare da mun ji an kama dinyar ba.

Can na lura ɗana na fari yana riƙe da hannun gem yana latse-latse. Na tuna cewa a wasan agwagwa ɗaya, wanda ke riƙe da hannu yana iya juya ta yadda ya so. Na ce to ga ɓarawon! Na daka masa tsawa. Yaron ya ɗago da idanu cike da tausayi, ya ce, "Abba, kawo maka ita nake yi."

Gaskiya ya faɗa. Tun ɗazu yana ta karkato da ita wajen bakin bindiga, ni kuma ina ta kuskurewa.

Daga nan na ajiye sauran mutuncin da ya rage. Na ja guiwa na matsa. Na ƙara matsawa. Sarkin Baka yana cewa, "Yauwa, sanɗa, sanɗa, kada ka taka kara." Ban tsaya ba sai da bakin bindiga ya taɓa gilashin filasma, ji kake ƙwas. Yaro ya kawo agwagwa daidai wurin. Na rufe ido ɗaya, na cika kumatu da iska, na ja kunama.

Ta tsere.

Kare ya ɗago, tsakanin hancina da nasa bai fi taƙi ɗaya ba. Sai a lokacin na lura cewa shi kaɗai ke dariya. Falon ya yi tsit, har ina jin ƙugin taransifoma. Daga bayana aka ce, "To, mun yi sallama har mun gaji."

Na san muryar. Ita ce muryar da ta ce "na ba shi" ranar ɗaurin aurena.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya tare da ni, don ni tun ranar a nan nake tsaye. Mutum mai hankali zai ajiye abin da ke hannunsa kafin ya juya. Ni da guiwa na juya, gaba ɗaya jikina, hannu biyu a miƙe, ido ɗaya a rufe, kumatu a kumbure, bakin bindiga ya sauka daidai ƙirjin surukina. Yana tsaye a bakin ƙofa cikin babbar riga da rawani, kusa da rigata da ke rataye. Dama da hagunsa wasu dattawa biyu ne da ban taɓa gani ba. Daga walimar wani aure suke a unguwarmu, ya ce bari ya biyo da aminansa su ga mijin 'yarsa, malamin makaranta, mai natsuwa.

Surukina mutum ne da in na hango shi a hanya nake cire takalmi tun daga nesa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Ban taɓa ɗaga ido na dubi tsakiyar fuskarsa ba sai ranar, kuma ranar ma ta saitin bindiga na dube shi.

Sai yatsana ya yi abin da ya saba yi tun la'asar. Ƙwas! Filasma ta amsa daga bayana da ƙarar harbi, don na ƙure mata murya. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce "Innalillahi!" ya koma bayan ɗayan. Iskar da na riƙe ta ƙwace ta fito da wani sauti da ba zan iya rubutawa ba.

Cikin wannan shirun Sarkin Baka ya yi gyaran murya ya ce, "Yauwa. Ka ga yanzu ka riƙe ta daidai."

Na so in durƙusa in gaida surukina, sai na tarar a durƙushe nake, babu sauran inda zan sauka. Na so in ɓoye bindigar, waya ta riƙe ta. Na so in ce roba ce, abin wasa ne, tun 1989 ma kamfanin ya mayar da ita ruwan lemo don kada a ɗauke ta ta gaske. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, an zo lafiya? Ya gajiyar farauta?" Biki na yi niyyar cewa.

Baba ya dubi singiletina. Ya dubi bindiga. Ya ɗaga kai ya dubi bayana, inda wata agwagwar ta riga ta tsere, kare ya sake ɗagowa yana aikinsa. Ya daɗe yana kallon karen. Sannan ya ce, "Sannu da aiki, Malam. Allah ya ba da sa'a." Ya juya wajen aminansa ya ce, "Mu je, mun tarar yana da uzuri."

Bayan sun fita ne wani ƙanen abokina mai gyaran waya, wanda tun farko yake zaune a lungu yana cin gyaɗa, ya ce, "Yaya, ai wannan bindigar ba ta aiki da filasma."

Ya yi bayani dalla-dalla. Bindigar ba ta harba komai, ido ne da ita a ciki mai gane haske. Da ka ja kunama, fuskar talabijin takan yi baƙi ƙirin na ɗan lokacin da bai wuce kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa ba, sannan farin murabba'i ya bayyana a inda agwagwa take. In idon bindiga ya ga baƙi sannan ya ga fari a daidai wannan lokaci, ka samu. Talabijin irin ta da, mai ƙaton baya, nan take take zana hoton da aka aiko mata. Ta zamani kuwa sai ta tsaya ta sarrafa hoton tukuna, kafin farin ya fito na'ura ta riga ta rubuta maka kuskure. Ko cikin gilashin ka shiga ba za ka same ta ba.

Na ce, kai kuma ka san haka tun ɗazu?

Ya ce, "Na ga Baba Sarkin Baka yana bayani ne, ban so in katse babba."

Sarkin Baka bai karɓi wannan zance ba ko kaɗan. Ya ce shi bai ga laifin talabijin ba, bai ga na bindiga ba. "Karen ne. Karen da zai tayar da tsuntsu ya koma yana yi wa ubangidansa dariya, ba a shiga daji da shi. Ka sayar, ko ka harbe." Na ce a wannan kaset ɗin ba a iya harbin karen, yara sun gwada tun 1984. Ya ce, "To ka ji. Shi ma ya sani."

Da dare na tambayi uwargida inda tsohuwar talabijin ɗinta ta kayan ɗaki take, mai ƙaton bayan nan da na dame ta a fitar mini da ita daga gida lokacin da na sayo filasma. Ta ce tana nan lafiya lau, tana aiki. Tana ɗakin Baba, da ita yake kallon labarai.

Ina cikin tunanin bakin da zan je in roƙe ta da shi, washegari da hantsi aka yi sallama. Almajirin gidan Baba ne, rungume da ƙatuwar agwagwa, an ɗaure mata ƙafafu da fukafukai da tsumma.

"Baba ya ce a gaishe ka. Ya ce wannan a ɗaure take, ka yi a hankali, ba inda za ta."