Fushi Kala-Kala a Dangoma

A Dangoma, cikin Ƙaramar Hukumar Kalgo, zafin watan Afrilu kan haura maki 40, kuma a lokacin ne ake gane wanda ya gaji haƙuri da wanda ya aro shi. Masu saurin fushi iri-iri ne, amma abu guda ya haɗa su: wanda ya ɓata musu rai yana waje, mai shan ukubar yana cikin gida.

Akwai mai fushin yunwa. Da hantsi mutumin kirki ne, da la'asar sakaliya kuwa ko sallama aka yi masa sai ya nemi ba'asi. Azumin 2024 da na 2025 sun faɗo a watan Maris, iyalinsa sun ga tasku. Irinsa har a Amurka akwai. A 2014 Brad Bushman na Jami'ar Jihar Ohio da abokan aikinsa sun bi miji da mata har gida 107 tsawon kwana 21, ana auna sukarin jininsu. An ba kowa 'yar tsana a madadin abokin zamansa, da allurai 51, ya soka gwargwadon haushin da yake ji. Waɗanda sukarinsu ya yi ƙasa su suka fi caccakar 'yar tsanar. Matan ƙasar Gwandu dai ba su jira wata jami'a ba, tun tuni sun san ba a tayar da zancen kuɗin cefane sai kwanon fura ya yi rabi.

Ƙanin mai fushin yunwa shi ne mai fushin goro. Sinadarin da ke cikin kofi shi ke cikin goro, in jiki ya saba kuma ya rasa, sai ciwon kai da tsaki. Maganinsa ɓari ɗaya ne, jikokinsa ma sun san haka.

Mai fushin fetur ya fi ban tausayi. Manomin shinkafar rani ne a fadama, injin ban ruwansa ba ya shan komai sai mai, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lissafinsa ya ƙi daidaituwa. A gidan mai a Kalgo yana dariya da yaron famfo, har da "Allah ya ba da kasuwa." Yana sauka daga mashin a ƙofar gida sai ya hango buta ba a inda ya bar ta ba. Ranar butar ce za ta biya bashin gwamnati, tare da yaron da ya taɓa ta. In matar ta ce, "Malam, mi ya yi zafi haka?" sai ya ce ai ita ce ke ɗaure wa yaran gindi.

Sai mai gaba, wanda ba ya ɗaga murya ko kaɗan. Yana zaune a tabarma ɗaya da matarsa zai kira ɗansa: "Je ka gaya wa uwarka tuwon ba gishiri." Ita ma ba baya ba, amsarta tana fitowa ta bakin murfin tukunya da tsintsiya. Malamai suna ta tuna masa cewa Musulunci bai yarda gaba ta wuce kwana uku ba, shi kuma a rana ta uku sai ya yi gyaran murya ya ƙirga shi a matsayin gaisuwa.

Wanda ya fi kowa wahalar da unguwa shi ne mai saki a leɓe. Miya ta yi sanyi, ya furta. Kafin sallar isha'i ya huce, ya tsugunna a zauren liman yana rantsuwa ba ya cikin hayyacinsa. Liman ya sha gaya masa abin da hadisi ya koyar, cewa in fushi ya zo yana tsaye ya zauna, ko ya yi alwala. Ya haddace tsaf, sai dai bai taɓa tunawa ba sai bayan ya gama magana.

Ita kuwa matarsa akwatinta kullum a ɗaure yake. Takan yi yaji zuwa gidan iyayenta, ta huta, ta yi kitso da lalle, ta jira biko. Biko kuma ba a zuwa hannu rabbana: ga goro, ga turmin atamfa, ga kuɗin mashin na dattijan da za su raka shi ba da haƙuri, kuma dattijan nan ba sa tashi sai an kawo musu fura.