Karfasa Nawa Tankinka Zai Ɗauka?

Da zarar ka sayi tankin roba mai cin lita 1,000 ka girke shi a gindin darbejiyar tsakar gida, unguwa ta san ka zama mai kiwon kifi. Saura kifin. Ga shawarar wanda ya riga ka shiga ruwan har ya jiƙe sharkaf.

Kada ka kuskura ka tambayi masunta. Mutanen da suka gaji su a gulbin Zamfara tun kaka da kakanni, daga Anka har Gummi, me suka sani game da kifi? Tambayi mai sayar da 'ya'yan kifin, shi ne ba ya son ka da asara. Zai leƙa tankin, ya gyaɗa kai, ya ce ɗari biyar ma wasa ne. Ka ce ya ƙara hamsin, tunda ɗari biyar maƙwabcinka ya zuba.

In wani ya yi maka gardama, kawo masa hujja daga Turai. Karfasa tana da dangi iri ɗaruruwa a Tafkin Malawi, masu launi kamar atamfar sallah, kuma Turawa na ajiye su cikin akwatin gilashi a falo don kallo, miya ba ta cikin lissafi. Da gangan suke cunkusa su, saboda kifayen mafaɗata ne. In su biyar ne, babban zai sa wa ɗaya ƙahon zuƙa har ya ga bayansa; in talatin ne, sai ya rasa wanda zai fara bi. Duk wannan gaskiya ne. Abin da za ka yi ƙoƙarin mantawa shi ne, injin tace ruwa da na hura iska ba sa tsayawa a can dare da rana, ga canjin ruwa duk mako. Kai kuwa wutarka gaisuwa take zuwa, ba ta zama shan fura.

Kifi da iskar da ta narke cikin ruwa yake numfashi, ruwan zafi kuwa ba ya riƙe ta da yawa. Saboda haka wata asuba cikin Afrilu, ka dawo daga masallaci ka haska tocila, za ka tarar da su duka a saman ruwa, baki buɗe, suna haɗiyar iska. Ka ɗauka gaishe ka suke yi, ka amsa, ka koma barci. In ruwan ya fara kumfa da ɗoyi saboda kashinsu da ragowar abinci, ka ce ai ƙamshin arziki ke nan. Masu tafkin ƙasa da ba su da injin iska, karfasa biyu zuwa uku suke zubawa a kowace murabba'in mita. Mai son dubbai ya nemi aron madatsar Bakolori da ke wajen Talata Mafara, an gama ta tun 1978, akwai fili.

To, a ce ka ji tsoron Allah ka zuba ashirin kacal, ka haɗa ɗan injin iska da sola. Kana tsammanin ka gama lissafi? Ai karfasa ba ta san da wani lissafinka ba. Wata biyar zuwa shida ta isa aure. Namijin ya share wuri a gindin tanki, ya kafa iyaka, duk wanda ya gifta ya sha cizo. Macen ta zuba ƙwai ɗaruruwa, ta kwashe su a baki, ta yi kusan mako biyu tana yawo da su ba ta cin komai, azumin da ba wanda ya ɗora mata. In 'ya'yan suka fito suka ga inuwarka, sai su ruga su koma bakin uwar. Bayan 'yan makonni ta sake. 'Ya'yan ma su tashi su kama sana'ar iyaye tun ba su kai tsawon yatsa biyu ba. Ƙarshenta abincin da ka saya don kifi ashirin ya zama na gayya, kowa ya ci, ba wanda ya girma.

Dabara biyu ce. Ko ka zuba maza zalla, sun ma fi saurin girma tunda ba su da ɗawainiyar goyo. Sai ka kifa kowanne a tafin hannu ka duba ƙasan ciki: namiji ƙofa biyu, mace uku. Aikin na son ido, don haka bar shi sai bayan magariba, kuma kada ka sa tabarau. Ko kuwa ka ɗauki tarwaɗa biyu aikin gadi, su riƙa lamushe 'ya'yan. Ka zaɓo manya sosai, waɗanda in sun gama da 'ya'yan za su juya kan iyayen.

Da hunturu, Disamba zuwa Janairu, ruwa kan yi sanyi, karfasa ta rage ci. Ci gaba da zuba abinci kamar da, kada a ce kai marowaci ne.

Abu ɗaya ne ba raha a cikinsa: kada ka ɗebo ruwa daga kududdufin da ake wankin zinare. Mutanen Anka da Bukkuyum ba su manta abin da gubar dalma ta yi wa yara a 2010 ba.

Ni dai maza ashirin na zaɓa da hannuna, na rantse a kansu. Wata na bakwai uwargida ta leƙa tankin da rariya a hannu, ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago.

"Malam, cikin mazan nan naka wa ya haihu?"

Na ce ƙila baƙi aka yi. Ta tsoma rariyar ta ɗago ta cike da 'yan mitsi-mitsi suna tsalle, ta ce in je in sayo mai, ko a soya su a ci da garin rogo.