Tsimin Kuɗin Mai Faci

Akwai magidancin da ya rantse mai faci ba zai sake cin sisinsa ba. Ranar Asabar sai ka gan shi a tsakar gida, ya kafe babur ɗinsa Boxer, ya kwance wilin baya, ya baje sifana a kan tabarma. Ƙarfen cire taya kuwa babu, don haka sukudireba da cokalin uwargida ne za su yi aikin.

Fitar da tsohuwar taya ba wuya. Wajen cusa sabuwa ne ido ke raina fata. Mai faci yakan ɗan hura wa tif iska, ya shafa ruwan omo a bakin taya, sai ta zame ta zauna. Gogan naka kuwa ƙarfi ya sani. Yana dannawa, sukudireba ya tsunkule tif, ga huda biyu a sabon kaya.

"Baban Ummi, wannan notin fa na ina ne?"

"Ajiye shi, ƙari ne kamfani ya sa."

La'asar sakaliya sai ga yaro yana gangara wili zuwa bakin titi. Mai faci ya duba, ya yi murmushi, ya caji kuɗin taya, da na faci biyu, da na miƙe cokali.