Ire-iren Maziyartan Tsibiran Kota Kinabalu

Gandun teku na Tunku Abdul Rahman, wanda aka fara keɓewa a 1974, ya ƙunshi tsibirai biyar da ke fuskantar birnin Kota Kinabalu a jihar Sabah ta Malesiya: Gaya, Sapi, Manukan, Mamutik da Sulug. Daga tashar jiragen ruwa ta birnin, tafiyar minti 15 zuwa 20 ce a kwale-kwale mai inji. Masana sun daɗe da karkasa kifayen wurin, amma masu zuwa kallonsu ma iri-iri ne.

Akwai Sarkin Haɗama, mai yankar tikitin tsibirai uku a wuni guda, ya yini yana duba agogo a bakin gada. Akwai Mai Hoto, wadda ƙafarta ba ta taɓa ruwa.

Gwanin Baki kuwa tun a tasha ake shaida shi. Shi ke gaya wa matuƙi hanya, shi ke gyara wa kowa zaman tabarau da bututun numfashi. In an miƙa masa rigar ruwa sai ya yi murmushin tausayi, ya ce shi da teku tun yana yaro. Da an isa Manukan zai tuɓe, ya yi miƙa, ya tsaya sai idon jama'a ya dawo kansa, sannan ya faɗa. Kurɓin farko na ruwan gishiri ke fito da shi yana tari, yana zagin bututun. Sauran wunin a inuwa yake ƙare shi, yana bayanin cewa ruwan yau "bai kwanta ba". A hanyar komawa, shi ya ga kunkuru.

Kishiyarsa shi ne baƙo daga ƙasar da rafi ke ƙafewa da rani, wanda ba ya cire rigar ruwa ko a wajen cin abinci, kuma yakan koma gida ya yi rubutu a kan halayen mutane. Mai Ledar Abinci kuma, birai da guzayen Sapi sun fi kowa sanin darajarsa.

Duk waɗannan ana yafe musu. Wanda ba shi da uzuri shi ne Mai Taka Murjani: ya gaji da iyo, sai ya miƙe tsaye a kai yana watsa wa kifaye burodi, alhali an hana. Murjani halitta ce mai rai, wani nau'insa da ƙyar yake ƙara santimita guda a shekara. Abin da dunduniyar wannan mutum ta ɓalle cikin daƙiƙa biyu, ba zai komo ba sai bayan shekaru.