Jinyar Kaza Mai Kashin Jini

Kashin jini, wato cutar hanji da likitocin dabbobi ke kira koksidiyosis, yana samuwa ne daga ƙwayar cuta da kaza ke tsattsaga a danshin akurki, kuma alamarsa ita ce majinyaciyar ta saki fukafukai, ta rufe ido, ta ƙi dusa, alhali jiya da ita aka yi kokawar tsaba. Masana sun tanadi amfuroliyam, maganin da ake zubawa a ruwan sha, tare da keɓe ta a busasshen wuri. Sai dai majalisar tsakar gida takan fara da jiƙon maɗaci da barkono, yayin da maigida, wanda bai taɓa karanta likitanci ba, yake gefe yana wasa wuƙa.