Zuwa Ga Kamfanin Jirgin Da Ya Ce Ni Ɗan Gida Ne

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan matuƙa da ma'aikata suna nan ƙalau, injina kuma na tashi ba gardama. Saƙonku ya iso, wanda a cikinsa kuka kira ni abokin tafiya mai daraja, kuka kuma yi mini albishir cewa kun yi wa tsarin tara mil kwaskwarima don ƙara mini jin daɗi. Na karanta shi har ƙasa, har da ƙananan rubutun nan da sai an ɗauko tabarau. Abin da na tsinta shi ne, tikitin da nake karɓa da mil ɗina ya yi tsada, katin zinariyar da ke aljihuna kuma ba zai sabuntu ba sai na kashe abin da ya fi na bara. To madalla da wannan jin daɗi. Allah ya bar zumunci.

Ba zan kama sunanku ba. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, kuma ko na kama ma ɓata tawada ne, don ku duka ubanku ɗaya. A Amurka aka haife ku. Da gwamnatin can ta sakar wa kamfanonin jirage mara a 1978, kowa ya sa farashin da ya ga dama ya bi hanyar da ya so, sai kasuwa ta yi zafi, aka shiga neman igiyar ɗaure fasinja. A watan Mayun 1981 American Airlines ya fito da AAdvantage, ba a rufa mako biyu ba United ya fito da nasa. Dabarar mai sauƙi ce: jirgi zai tashi ko da kujera fanko, to me zai hana a ba wa mai yawan hawa ita kyauta? Akwai kuma wani wayon a ƙasa. Yawancin masu yawan hawan nan ofis ne ke biya musu, mil ɗin kuwa a aljihunsu yake faɗawa. Saboda haka ma'aikaci zai zaɓi jirginku ko da ya fi tsada, tunda ba shi zai ji zafin ba. Wannan ya dace da jami'in gwamnati da ma'aikacin ƙungiyar agaji mai taro yau a Nairobi gobe a Janeba. Ni kuwa ɗan kasuwa ne. Daga ribar yadi nake cire kuɗin tikiti, kuma duk sisin da na ƙara muku don biyayya, sai na ji shi a jikina ranar lissafi.

Na daɗe ina ɗaukar tsarin nan a matsayin adashi. Ina zubi duk tafiya, kuna rubutawa, in jira ranar kwasa. Sai dai ban taɓa ganin uwar adashi irinku ba. Ku ke riƙe da littafi, ku ke faɗin abin da zubina ya kai, ku ke sa ranar kwasa, kuma ranar ta zo ku ce babu kujera sai bayan Sallah. In na yi haƙuri na jira, ku ce zubin shekara uku da suka wuce ya lalace. In na samu kujerar da ƙyar, ku ce tikitin kyauta ne amma in kawo kuɗin haraji da kuɗin mai, in na haɗa su sai in ga kyautar ta cinye mini rabin kuɗin saye. Da a unguwarmu wata ta yi haka, da tuni an kai ta gaban mai unguwa, kuma ba mai sake ba ta ko ajiyar tsintsiya. Ku kuwa kun rubuta tun farko, a shafin da ba wanda ke karantawa, cewa kuna da ikon sauya sharaɗi duk lokacin da kuka so. Na sa hannu. Dukanmu mun sa.

Abin da ya buɗe mini ido shekarar korona ce. Jirage na ajiye a ƙasa, ba fasinja, kamfanoni suka tafi neman bashi. Me suka kai jingina? Mu. A 2020 United ya ranto dala biliyan 6.8 da tsarinsa na MileagePlus, ya kuma ƙiyasta darajar tsarin a kusan dala biliyan 22, abin da ya zarce darajar dukan hannayen jarin kamfanin a kasuwa a lokacin. Delta ya ranto biliyan 9 da nasa, American ya ranto biliyan 10 a 2021. Masu ba da bashi ba wawaye ba ne, sun san inda nonon yake. Kamfanin jirgi na buga mil ba tare da ya sayi ko takarda ba, ya sayar wa banki da tsabar kuɗi, bankin ya raba wa masu katin bashi. A 2024 kaɗai, abin da Delta ya karɓa daga American Express ya haura dala biliyan 7. Wato mutumin da ke zaune a gida yana sayen kayan miya da katin banki ya fi ni amfani a wurinku, ni da na kwana a kujerar tsakiya da gwiwa a haɓa, tsakanin mai minshari da mai tari.

Tun 1999 ma alamar ta fito, ba mu lura ba. Wani injiniya a Kalifoniya, David Phillips, ya ga wani kamfanin abinci na raba mil ga duk wanda ya aiko da tambarin kayansa. Sai ya bi shaguna ya kwashe kofi 12,150 na kunun cakulan a kan dala dubu 3 da 'yan kai, ya ba wa wata ƙungiyar agaji kunun a kan su taya shi ɓare tambari, ya tashi da mil sama da miliyan 1.2 bai taka ko matakalar jirgi ba. Allah ya yi wa wannan bawa nasa basira. Da a kasuwar Kwari yake da tuni yana da layi guda.

Da mil ya yi yawa a hannun jama'a, sai kuka yi abin da duk mai buga kuɗi ke yi. Mu da muka ga yadda naira ta koma bayan watan Yunin 2023 ba sai an yi mana darasi ba. Bambancin kawai, farashin dala ana jin sa a Wapa kowace safiya, naku kuwa a ɓoye yake. A 2015 Delta ya sauke jadawalin da ke nuna mil nawa ke kai mutum gari kaza, ya kuma daina lissafi da nisan tafiya, ya koma lissafi da kuɗin tikiti. A wannan lissafi da kuɗin tikiti, United ya bi a shekarar, American ya bi a 2016. A watan Satumban 2023 Delta ya ƙara tsuke ƙofar samun katin manya har shugabansa Ed Bastian ya fito ya amsa cewa sun zarce gona da iri, suka ɗan sassauta. British Airways kuma ya sanar a ƙarshen 2024 cewa daga Afrilun 2025 katin zinariyarsa sai mai kashe kimanin fam 20,000 a shekara. Ko gwamnatin Amurka sai da ta buɗe bincike a kan manyan kamfanoninta huɗu a Satumban 2024. Duk lokacin da ɗayansu ya yi irin wannan, na san saƙonku na tafe. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa, in ji Bahaushe, to ku fetur kuke shafa wa namu.

Ba na so in zama butulu, don haka bari in faɗi alherinku. Kilo. Duk sauran abubuwan da kuke lissafa mini a takardar talla ado ne, kilo ne magana. Ku zo kantar awon kaya a daren da 'yan kasuwa ke dawowa daga Guangzhou ku gani. Kwalaye an naɗe su da salatif har sun yi ƙyalli, an rubuta suna da lambar waya da baƙar maka a kowane gefe. Hajiya ta ɗora jaka a sikeli, lamba ta haura 23 ta tsaya a 26, ma'aikaciya ta girgiza kai. Nan take za a zuge jaka a tsakar jama'a, a ciro takalma a cusa a jakar hannu, a ciro rigar sanyi biyu a saka a jiki ana gumi, a waiwayo ana neman wanda bai cika nauyinsa ba: "Alhaji, don Allah ko kana da sauran kilo?" A irin wannan dare mai katin zinariya sarki ne. Jaka ɗaya ta ƙari kyauta, layinsa daban, an manna wa kayansa jar takarda. Wannan jakar ce ta riƙe ni shekara da shekaru, ba murmushin ma'aikatanku ba.

Falon manyan na filin jirgi kuwa, ku yi haƙuri, ya zama zaure. Kun raba katin shiga har kowa ya zama babba. Sai ka iske layi a ƙofar wurin da aka gina don a huta da layi. In ka samu shiga, kujera babu, wani ya miƙe a kan guda uku ya rufe fuska da hula, an yi rububin sambusa saura albasa a faranti, soket ɗaya mutum huɗu na gadinsa. A waje kuwa, kusa da ƙofar shiga jirgi, ga benci fanko da shayi mai zafi na dala uku. Maganar ɗaga ni zuwa kujerun gaba ba zan ma tayar da ita ba, tunda yanzu sayar da su kuke yi a waya har ana gab da rufe ƙofa, mu masu jiran kyauta mu bi ta gefensu mu wuce baya muna gaisawa da labule.

Mun zauna da abokan tafiya mun tattauna batunku, kuma mun rabu biyu. Masu cewa a zauna suna da hujja. Sun ce ranar da jirgi ya fasa tashi, mutum ɗari uku suka yi cincirindo a kanta ɗaya, mai kati ake fara nema wa wata kujera da ɗakin kwana. Sun ce katin ba naku ne ku kaɗai ba, ƙawance ne: Star Alliance tun 1997, oneworld tun 1999, SkyTeam tun 2000, kuma zinariyar ɗaya na aiki a jiragen sauran 'yan ƙungiyarsa. Sun ce daga Kano ma jirage nawa ne ke fita waje da za a yi ta yanga? Wannan ta ƙarshen ta fi ƙarfi, kuma ita ce ta fi ba ni haushi, don ta nuna rabin biyayyar tamu rashin zaɓi ne aka ɗaura masa rawani.

Masu cewa a tashi suka ce sabo turken wawa. A cikinmu akwai wanda duk Disamba sai ya sayi tikitin tafiyar da ba shi da abin yi a cikinta, ya je ya sha ruwa a filin jirgin wata ƙasa ya juyo, don kawai lissafinsa ya cika kati ya sabuntu. Iyalinsa sun ɗauka harka ce. Muka buga masa lissafi a takardar shago: abin da ya ƙara a kan tikiti mafi araha cikin shekara, haɗe da tafiyar shan ruwan, ya isa ya biya kuɗin rarar kaya a duk tafiyarsa har ya yi canji. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce ai akwai mutunci. Akwai kam. Amma mutuncin da sai an sabunta shi duk shekara da rasit, haya ne.

Sannan wa ya ce za ku dawwama? Ansett na Ostareliya ya durƙushe a 2001, makin jama'a ya bi iska. Air Berlin ya bi sahu a 2017. Mu nan mun binne Air Afrique a 2002 da Nigeria Airways a 2003, ba a buƙatar a ba mu labarin mutuwar kamfanin jirgi. Ko mai rai ma yana iya tattara komatsansa. Da kuɗin kamfanonin waje suka maƙale a Nijeriya saboda ƙarancin dala, Emirates ya daina zuwa a ƙarshen 2022, bai dawo ba sai Oktoban 2024, wasu kuma suka rufe tikiti masu araha suka bar mana masu tsada. Ban ga laifinsu ba, kuɗinsu ne, kuma kasuwa ba gidan marayu ba ce. Abin da na koya daga wurinsu shi ne yadda ake yi. Suka duba littafi, suka ga ba riba, suka ɗaga. Ba wanda ya tsaya tambayar mai katin zinariya yadda zai yi.

To ni ma na duba littafi, ranku ya daɗe, ga abin da na yanke. Ba gaba zan yi da ku ba. In tikitinku ya fi araha, ko lokacin tashinku ya fi dacewa da ranar kasuwa, za ku gan ni a layi da kwalayena. In na wani ya fi, can za ni, ko da jirginsa zai tsaya a gari biyu. Na gaya wa ejan ɗina ya daina fara duba sunanku, ya jero mini kowa da farashinsa da kilonsa. Na kuma ji cewa wasu abokan hamayyarku na ba wa mai zinariyar wani kamfani irin tasu don su janye shi, to zan kai musu tawa su gani tun ba ta koma azurfa ba.

Saura mil ɗin da ke hannunku. Ba zan ƙara barin su su kwana ba, tunda kullum ramewa suke yi. Ina so in kwashe su duka in yi wa gwaggona tikitin Umara. Na duba watanni huɗu a jere a shafinku, kowace rana an rubuta babu kujera, alhali in na ce da kuɗi zan saya sai jirgin ya zama fanko. Don Allah a duba mini wannan kafin ƙarshen wata. Ba ta da zaɓin rana, ba ta cin abincin jirgi, kujerar taga kawai take so, kuma ta ce in tambaye ku ko jarkar zamzam na cikin kilo.

Wassalam.

Naku,
Mai katin zinariya, zuwa 31 ga Disamba.